Malam Datti Mai Tsintsiya da Sawun Ranar Lahadi

Na Allah muke tun asali, kuma wurinSa kowa ya dosa, mai takalmi da marar takalmi. Da hantsin ranar Asabar, goma sha uku ga Nuwamba, 1965, cikin watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Malam Datti ɗan Awwalu, wanda Makarfi da Ikara da Kudan suka fi sani da Mai Tsintsiya, a gidansa da ke bayan kasuwar rake a Makarfi, bayan jinyar kwana arba'in da 'yan kai. Ya bar mace ɗaya, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da tsintsiyar kaba uku, da kuma tambaya guda wadda masu shan shayi na garuruwan nan suka shekara goma suna ɗaga wa juna murya a kanta.

Masu karanta wannan shafi sun saba ganina cikin babbar riga ina yi musu jawabi a kan jakin da ya ƙi hawa gada, ko agogon tasha da ke bin lokacin kansa. Yau ma rigar na sa, domin ba ni da wata. Sai dai mutumin da zan yi magana a kansa ya fi ta girma.

Malam, ka yi mini izini in fara da gabatar da kai ga yaran yanzu, domin yawancinsu wani tsoho kawai suka sani mai dafa mazarƙwaila, wanda in sun gaishe shi sai ya dubi ƙafafunsu kafin ya amsa. Littattafan tarihi cike suke da jarumawan da suka ci yaƙi suna tsaye a kan tudu suna kallon fage. Har yau ban ci karo da shafin da ya ambaci wanda ya shekara goma sha biyar yana jan runduna, ba a taɓa korar sa ba, alhali bai taɓa juyowa ya kalli faɗan ba. Rundunar ita ce ƙungiyar tamaula ta Makarfi, daga 1938 zuwa 1953. Jagoran kuwa kai ne. An sha yin kunnen doki da kai, amma babu garin da ya taɓa komawa gida yana kiɗa.

Mahaifinka mai bin sawu ne a Gubuchi. In an saci jaki ko saniya, shi ake kira ya bi ƙasa har ƙofar ɓarawo, kai kuma ka gaji idonsa. Tamaula ka gan ta ne wurin akawunan tashar jirgi lokacin da kake dakon gyaɗa, kuma ka gaya mini da bakinka cewa ƙwallon ba ta burge ka ba ko kaɗan. Abin da ya tsayar da kai shi ne filin bayan an watse, domin ka tarar da wasan duka kwance a ƙasa, babu wanda ya damu ya karanta.

Ga yadda kake yi. Ranar wasa, da an fito daga sallar asuba, kai da 'yan wasanka goma sha ɗaya ku ɗauki tsintsiya ku share filin bayan kasuwa daga raga zuwa raga, har ya yi lumui kamar sabon daɓe. Daga nan ba akuya, ba mai talla, ba ɗan mai gari da zai taka shi sai la'asar. Kowane ɗan wasa ka yanka masa gurbinsa kamar yadda ake raba gona ranar gayya, biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba, kuma babban zunubi a wurinka shi ne mutum ya bar gurbinsa ya bi ƙwallo. Da rafali ya busa usur sai ka juya wa filin baya, ka zauna a gindin ɗorawa kana fuskantar fadama, kana shan rake. Ka ce ido ƙwallo yake bi duk inda ta je, ƙasa kuwa mutum take riƙewa. In an tafi hutun rabin lokaci ka miƙe, ka goya hannuwa a baya, ka shiga filin kai kaɗai, jama'a su yi tsit. Ka san tafin ƙafar kowane yaro naka fiye da yadda uwarsa ta san fuskarsa, na baƙi kuma kallo ɗaya ya ishe ka tun suna saukowa daga mota. Minti biyar ka fito ka ce wane ya bar gurbinsa sau huɗu, wane yana tsoron ɗan gaban Ikara domin duk inda suka haɗu diddigensa ne ke nutsewa, golansu kuma ƙafar hagu yake dogara da ita, a buga masa ta dama. Shi ya sa dattawan Makarfi ba sa barin kasuwa sai an dawo daga hutu. Sun san kafin nan ba a fara ba.

Wata shekara mutanen Ikara, waɗanda Allah Ya hore wa dabara da tumatir, suka shirya da wani makiyayi ya koro tumaki arba'in ta tsakiyar fili daidai lokacin hutu. Ka jira tumakin suka wuce, ka shiga ka yi karatunka a tsakanin kofatai, ka fito ka gyara yaranka, sannan ka aika a gaya wa makiyayin tunkiyarsa ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya ta dama, ya duba ko ƙaya ce. An ci Ikara uku da ɗaya. An kuma sami ƙayar.

Da a ce iyakar abin ke nan, da kofi kawai za mu tuna ka da shi. Amma na san ranar da ka ga takun Musa ɗan tsakiya ya gajarta da kamar yatsa uku. Ba ka ce masa komai a gaban mutane ba. Ka bincika, ashe mahaifinsa ya kwanta ciwo, rake ya isa sara, shi kaɗai ne a fadama tun asuba, yana zuwa fili da koko kawai a cikinsa. Washegari ka sanar cewa akwai sabon horo na ƙarfafa baya, ka raba wa ƙungiya adduna, ka kai su gonar su Musa kwana uku a jere. Har yau Musa yana rantsuwa horon Turawa ne. Yaran da suka ɓata a kasuwa ka mayar wa iyayensu kafin magariba ba su ƙirguwa. Akwai kuma magidantan da suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kada su bi ta ƙofar gidanka, saboda dalilan da ba su dace da takardar ta'aziyya ba, kuma ka mutu ba ka tona ko ɗaya ba.

A 1953 gwiwa ta matsa maka, ka jingine tsintsiya, ka koma wurin tukunyar mazarƙwaila da sunanka cikakke. Ya kamata mu bar ka a can.

To, tamaula ta sami 'yancinta tun kafin ƙasa ta sami nata. Ɗan baya ya ruga gaba, ɗan gaba ya dawo baya, ɗan dama ya je hagu ya gaisa da 'yan uwa ya komo. Aka zo da wani tsari na huɗu, biyu, huɗu, wanda aka ce daga ƙetaren teku ya fito, aka kuma zo da Malam Maiwada, sabon malamin wasanni da aka turo Kudan daga kwalejin horon malamai, mai gajeren wando da allo da alli. Sai tambayar ta tashi a kowane teburin mai shayi: da Mai Tsintsiya zai dawo, zai iya da wasan yanzu? Tsofaffi su ce ko da hannu ɗaya, samari su ce ko kusa. Maiwada yaro ne mai ladabi. Da aka matsa masa a Ikara, abin da ya ce kawai shi ne yana girmama ka, amma kowane zamani da mutanensa.

Nan na shigo. A watan Janairun 1964 na rubuta a wannan shafi, da irin manyan kalmomin da na saba, cewa in aka ba ka masu sayar da rake goma sha ɗaya da kwana bakwai, za ka mayar da Maiwada da allonsa aji ɗaya. An karanta a kasuwar Makarfi, an karanta a Paki, an karanta a gaban Maiwada. Ban tambaye ka ba kafin in rubuta. Da tawagar dattawa ta je roƙonka ka fito ka kara da ƙungiyar Maiwada ta Kudan, ka kawo uzurin gwiwa, ka kawo na tukunya, daga ƙarshe ka ce tunda ɗan boko ya riga ya sa sunanka a takarda, takarda kuwa ba ta sharuwa da tsintsiya, ka yarda. Sharaɗi ɗaya ka gindaya, a sa Bobbo.

Bobbo ɗan Fulanin rugar Kurmin Kogi ne, shi ne yaro na ƙarshe da ka horar, kuma shi kaɗai ya rage a fili cikin mutanenka. Ɗan baya ne na dama. Saniya ta taɓa taka shi yana ƙarami, saboda haka yana ɗan jan diddigen hagu in yana tafiya. Kai da ba ka yabon mutum a gabansa, na ji ka ce gurbin Bobbo bayan wasa kamar inda turmi ya shekara yake.

Saura kwana biyu masu shirya wasan suka aiko cewa dokar yanzu ba ta yarda kowa ya shiga fili ba takalmi ba. Wani attajiri mai son garinsa ya aika Kano aka kawo kwali guda na takalmin ƙwallo, ƙira ɗaya, kusan lamba ɗaya. Ina tsaye aka buɗe a zaurenka. Ka ɗauki ɗaya ka kifa, ka ƙirga ƙusoshin ƙasansa, shida. Ka ɗauki wani, shida. Ka tambaye ni ko duk haka suke, har na Kudan. Na ce haka suke, wannan shi ne ci gaba. Ka daɗe kana riƙe da takalmin, sannan ka mayar da shi cikin kwali.

Ranar Asabar, bakwai ga Maris, aka share fili kamar da. Mutum ya fi dubu. Ka juya baya, ka ɗauki rake. Kafin hutu Kudan ta ci uku, kuma duk mai ido ya ga da babu Bobbo da bakwai ne, domin ya tsaya a gurbinsa shi kaɗai yana tare mutum biyu, wani lokaci uku. Aka busa hutu, ka kakkaɓe riga ka shiga. Filin duk ƙananan ramuka shida-shida, a kan juna, ta kowace fuska, kamar an saki kaji dubu a kan shanyar gero. Ka je raga ka dawo. Ka sake zuwa. Rafali ya duba agogo sau uku, saboda girmanka ya ƙara maka lokaci. Jama'a kuwa suna jira ka ambaci suna, domin ba ka taɓa fitowa daga fili ba tare da suna ba.

Can sai ka ga abu ɗaya da ka sani. Wani sawu yana jan diddigen hagu, ya taso daga ɓangaren dama, ya ratsa tsakiya har kusa da ragar Kudan, ya dawo, ya sake tafiya. Ka fito ka tsaya gaban yaranka, ba ka ɗaga murya ba.

"Bobbo, ka bar gurbinka sau shida. Kai da na ɗauka ko gari zai tashi kana nan. Fita mini daga fili."

Sawun na Ya'u ne, wani sabon ɗan tsakiya da takalmin hagu ya yi masa yawa, ya cusa tsumma, tsumman ya fice tun farkon wasa, ya riƙa jan takalmin yana bin ƙwallo duk inda ta nufa. Ya'u ya sani. 'Yan wasa sun sani. Mutum dubu sun gani da idonsu, ni ma na gani, ina tsaye bai fi taku biyu daga kafaɗarka ba. Amma shekara goma sha biyar ba a taɓa kama ka da kuskure ba, ga furfura, ga baƙi daga Kudan suna kallo. Wa zai buɗe baki ya ce wa Mai Tsintsiya ƙasa ta yi masa ƙarya? Kowa ya jira wani ya fara.

Bobbo ya durƙusa ya ce, "Na yi kuskure, Baba." Ya kwance takalman ya ajiye su a kan layi, ya ratsa jama'a ya tafi. Wannan ne sawu ɗaya tak da za ka iya karantawa a ranar, amma ka riga ka koma gindin ɗorawa. Doka ba ta yarda a canza ɗan wasa ba, saboda haka Makarfi ta ƙarasa da mutum goma. An tashi takwas da babu. Maiwada ya zo ya durƙusa ya gaishe ka, ka sa masa albarka, ka bar tsintsiyarka a jikin bishiya, sai wani ne ya biyo ka da ita.

Wata biyar gari yana riƙe da maganar. Bobbo ya tafi Kaduna ya kama aiki a masaƙa. Wadda ta gaya maka ita ce mai ɗakinka, Ummulhairi, da ta jiyo wurin mata a gidan suna a Gubuchi. Ta ce tana ajiye maka tuwo ta faɗa, ka mayar da lomar da ka ɗauko, ka tambaye ta su wa suka sani. Ta ce kowa. Ka ce har ɗan boko? Ta ce har shi.

Ka aika aka kira ni. Na zo da shirin shan faɗa, sai ka ce in zauna in rubuta wasiƙa. Na fara jero gaisuwa mai hawa uku kamar yadda na iya, ka ce in goge, in rubuta cewa Baba ya yi kuskure, a zo ya nemi gafara. Layi biyu ke nan, kuma ban taɓa rubuta abin da ya fi su nauyi ba. Muka ba direban motar Kaduna. Shiru. Bayan salla muka sake aikawa. Shiru.

Da ciwo ya kwantar da kai a ƙarshen daminar bana, ka umarci ɗanka Sama'ila ya riƙa share ƙofar gida kowace asuba, bayan la'asar kuma a tallabo ka zuwa bakin zaure. Sama'ila ya ce ai in Bobbo ya zo za a sanar da kai. Ka ce bai san Bobbo ba. Ka ce zai zo har ƙofa, ba zai shiga ba, ba zai faɗi sunansa ba, ƙasa ce kaɗai za ta gaya maka. Haka aka yi ta yi kullum. Ka ga sawun liman, ka ga na mai allura, ka ga na maƙwabta, ka faɗi sunan kowa da lokacin da ya zo, sannan ka ce a mayar da kai ciki.

Ranar Lahadi, bakwai ga wannan wata, ina nan aka fito da kai. Ban da sawun da aka saba, akwai na wani takalmin fata sabo. Ya zo har taku uku daga bakin zaure, ya tsaya wuri ɗaya har ya nutse, sannan ya juya ya nufi hanyar tasha. Diddigen hagu yana ɗan ja. Ni da ba na ganin komai a ƙasa ma na ga wannan. Ka sa aka sunkuyar da kai, ka daɗe kana dubawa. Aka tambayi cikin gida, Ummulhairi ta ce wani ya yi sallama da azahar, ta ce masa kana barci, ya ce ba komai zai dawo, ba ta shaida muryar ba. Sama'ila ya ce bari ya ruga tasha ya duba.

Ka ce, "A'a. Takalmi ya taɓa ruɗa ni sau ɗaya. Ba zan sake ɗora wa sawun wani sunan Bobbo ba. A share."

Aka share. Bayan kwana shida ka rasu.

Ranar addu'ar uku Bobbo ya zo. Bayan an shafa fatiha ya jawo ni gefe, ya ce wasiƙu biyun duka sun same shi, wani abokin aikinsa ya karanta masa. Ya ce ya kasa tunanin yadda zai zauna, tsoho irinka ya roƙe shi gafara, shi ya sa ya yi ta ɗaga zuwan. Da ya ji ciwo ya yi tsanani ya hau mota ranar hutunsa, ya tsaya a ƙofa, aka ce kana barci, ya juya. Ya ce ya je tasha ya zauna a kan benci tun azahar, ya bar mota biyu suka tashi, domin ya tabbata da an fito da kai za ka ga sawunsa ka aiko. Sai da motar ƙarshe ta cika dab da magariba ya shiga. Daga ƙofar gidanka zuwa bencin nan, Malam, ko mai tallan fura ba ta sauke ƙwarya don ta huta.

Ya tambaye ni ko ka ga sawun. Na yi shiru sau ɗaya a filin bayan kasuwa, na ga abin da ya haifar, saboda haka na gaya masa yadda aka yi, kalma da kalma. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ashe ya gane." Ya ɗauki takalmansa da ya cire a bakin tabarma, bai sa ba, ya riƙe su a hannu ya bi ta ƙofar gidanka zuwa tasha. Masu gaisuwa suka tattake wurin kafin ya sha kwana.

Saboda haka, ya ku masu shan shayi na Makarfi da Ikara da Kudan, ku rufe wannan muhawara, an riga an gwada, kuma ni na jawo gwajin. Takwas da babu ita ce ƙaramar amsa. Babbar ita ce wasan yanzu ya karɓe wa Malam Datti filin da yake karantawa, sannan ya karɓe masa yarda da idonsa, har ya ga gaskiya a ƙofar gidansa ya sa aka share ta. Na ji an ce a manyan birane ciyawa ake shukawa a filayen wasa, kuma za ta iso mu. Babu wanda ya koyi karatunsa, babu ma allon da za a koya a kai. Maiwada ya zo jana'iza, ya ɗauki makara, ya yi kuka, gobe kuma zai koma ga allinsa, domin ba shi da laifi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Ummulhairi, wadda ta fi mazan gari dubu ƙarfin hali, da Sama'ila da ƙannensa, da jikoki, da dangi na Gubuchi, da tsofaffin 'yan wasa duk inda suke, da Bobbo a Kaduna, wanda na san za a karanta masa wannan. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya tsaya muku a bayansa. Ni kuma ina roƙon iyali su yafe mini abin da alƙalamina ya jawo, tunda mai yafewar ya tafi ban tambaye shi ba, kamar yadda ban tambaye shi ba da farko.

Allah Ya jiƙanka, Malam Datti. Ya gafarta maka kurakuranka, wanda ka sani ka nemi gyarawa da waɗanda ba ka sani ba. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa yaran da ka mayar wa iyayensu da asirin da ka rufe su tsaya maka ranar tsayuwa. Ya yafe mana shirun da muka yi. In kuma lokacin Bobbo ya yi bayan tsawon rai, Allah Ya sada ku a Aljanna fuska da fuska, inda ba sai ka duba ƙasa ba. Amin.